Rukunin da Ake Rainawa da Kimar Kai: Yadda Rainin Jama'a Ke Shiga Zuciyar Mutum

Gabatarwa

A ƙasar Kano, idan saurayi ya zo neman aure, tambayar farko da dattawa kan yi ita ce, "Ɗan gidan wa ne? Mene ne asalinsa?" Kafin a ji halinsa ko abin da hannunsa ya iya, an riga an auna shi da gidansu, da sana'ar kakansa, da ƙauyensu, da addininsa. Wanda ya fito daga gidan da ake girmamawa yakan amsa da sakin fuska. Wanda ya fito daga gidan da ake rainawa kuwa yakan yi jim tukuna, yana zaɓen abin da zai faɗa da abin da zai ɓoye.

Wannan darasi yana bayani a kan abin da zama cikin rukunin da ake rainawa yake yi wa mutum: yadda yake gane kansa, da yadda yake auna darajarsa. An shirya shi domin pastoci, dattawa, malaman makarantar Lahadi, shugabannin zumuntar mata da na matasa, musamman masu hidima a Madobi, Kura, Bunkure, Garun Malam da kewaye.

Ma'anar kalmomi

1. Sanin kai na rukuni: wato sashen amsar tambayar "Ni wane ne?" da mutum yake samu daga jama'ar da ya fito cikinta. Idan ya ce "ni manomi ne," "ni Bakano ne," "ni ɗan gidan maƙera ne," da sunan rukuni yake bayyana kansa.

2. Kimar kai: hukuncin da mutum yake yanke wa kansa a zuci, ko yana da amfani, ko ya isa a saurare shi, ko ya cancanci abu mai kyau.

3. Rukunin da ake rainawa: jama'ar da sauran al'umma suka ajiye a matakin ƙasa saboda asali, sana'a, talauci, cuta, addini ko wurin zama. A lura, al'umma ce take ajiye su a wurin, kuma matakin yakan sauya daga wuri zuwa wuri, daga zamani zuwa zamani.

4. Tabo: alamar da ke sa a daina ganin mutum gaba ɗayansa, sai abu guda kawai, kamar a ce "kuturu" ko "bawa." Masanin zamantakewa Erving Goffman ya yi littafi a kan wannan a 1963.

Matakan daraja a ƙasar Hausa

A 1959 masani M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau, ya wallafa bayani a kan yadda Hausawa suke jera mutane bisa sana'a. A sama akwai masu sarauta. Bayansu malamai da attajirai. Sai yawancin jama'a, wato manoma da masu sana'o'in hannu. A ƙasa kuma aka ajiye mahauta, maroƙa da makaɗa, barori da 'yan dako. Ya kuma lura cewa ana bambanta ɗan gado da shigege, wato wanda ya gaji sana'a da wanda ya shiga daga baya. Tun da sana'a gado ce, matsayi ma ya zama gado, shi ya sa har yau akwai gidajen da ba sa ba ɗan mahauci ko ɗan maroƙi aure ko da ya fi su dukiya.

Bauta ita ma ta bar nata tabo. A ƙarni na 19 akwai rinji da gandayen sarauta da bayi suke nomawa a kewayen Kano, irin na Fanisau. Turawa sun ci Kano a 1903. Dokarsu ta 1901 ta ce yaran da aka haifa daga wannan shekara 'ya'ya ne, amma sai a 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a Arewa. Doka ta goge bautar, harshen mutane bai goge gorin ba. Duk da haka ya kamata mu tuna cewa bayin sarki masu riƙe da sarautun Shamaki, Ɗan Rimi da Sallama sun fi 'ya'ya da yawa iko a fadar Kano. Wannan ya nuna suna ɗaya yana iya zama abin kunya a ƙauye, ya zama abin taƙama a fada.

Cuta ma haka. An daɗe ana ware masu cutar kuturta, ba a cin abinci da su, ba a aurensu. A ƙarshen shekarun 1930 mishan ɗin SIM ya karɓi kula da asibitocin kutare na Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina da Amanawa a Sakkwato. Tun 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da haɗin magungunan da ke warkar da cutar, tun 1995 kuma kyauta ake ba da su. Amma har yanzu akwai waɗanda suka warke sarai, 'ya'yansu kuma ba su taɓa kamuwa ba, ana ci gaba da kiransu da sunan cutar.

Misalin Maguzawa

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Maguzawa, wato Hausawan da suka ci gaba da addinin gargajiya bayan Musulunci ya kafu a birane. Tarihin Kano ya nuna Wangarawa sun kawo Musulunci fada a zamanin Sarki Yaji, a ƙarni na 14. Bayan jihadin da ya fara a 1804, an bar Maguzawa su zauna a ƙarƙashin sarakuna suna biyan jizya. Masana da yawa suna ganin sunan ya samo asali ne daga kalmar Larabci "Majus," wadda ta ba da damar a sa su cikin waɗanda ake karɓar jizya daga hannunsu. A bakin jama'a kuwa labarin da ya fi yaɗuwa shi ne cewa sunan daga "gudu" ya fito, wato waɗanda suka guje wa addini. Ko ta wace hanya, wasu ne suka raɗa musu sunan.

Ana samun garuruwansu a ƙasashen Rano, Kibiya, Sumaila, Tudun Wada, Bebeji, Kiru, Ƙaraye, Rogo da Gwarzo, da kuma Malumfashi da Ƙafur a Jihar Katsina. Joseph Greenberg ya zauna cikinsu a ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939, ya fitar da littafinsa a 1946. A idon birni, Bamaguje baƙauye ne marar ilimi, mashayin giya. A cikin gidajensu kuwa ma'aunin daban ne: darajar namiji tana ga yawan damman da ya noma, da girman gandunsa, da baƙin da ya iya ciyarwa, kuma babban abin alfahari shi ne a kira mutum Sarkin Noma. Maƙwabtansu Musulmi da kansu sukan yaba musu riƙon amana da faɗin gaskiya.

A ƙarni na 20 da yawa daga cikinsu sun musulunta, da yawa kuma sun zama Kirista. Waɗanda suka zama Kirista sukan sami kansu tsakanin raini biyu. Wasu Hausawa suna ganin ba cikakkun Hausawa ba ne, wasu Kiristocin da suka zo daga wasu jihohi kuma suna kallonsu da shakka domin harshensu da suturarsu. Suna yawan kokawa a kan wahalar samun takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma, da filin gina majami'a. Yaron da ya girma yana jin ana tambayarsa "Kai Bahaushe ne kuwa?" daga nan, ana kuma tambayarsa "Kai mai bi ne kuwa?" daga can, yana ɗauke da kaya mai nauyi tun kafin ya san sunan kayan.

Abin da noman rani ya sauya

An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, a zamanin Gwamna Audu Bako, aka janyo ruwa zuwa Kadawa, Kura, Bunkure da Garun Malam. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are wadda take kula da aikin. Alkama, tumatir, albasa da shinkafa suka kawo kuɗi, kasuwar Kwanar Gafan ta cika da motoci, Kura ta yi suna wajen injinan casar shinkafa.

Kuɗin ya girgiza tsohon tsari. Ɗan gidan da ake rainawa yana iya mallakar injin casa ya ɗauki 'ya'yan masu asali aiki. Amma aikin ya haifi sabon mataki. Binciken da Tina Wallace ta yi a yankin a shekarun 1970 ya nuna ƙananan manoma da yawa sun kasa biyan kuɗin tarakta, taki, ruwa da ƙwadago, sai suka ba masu hali gonakinsu haya. Mutumin da jiya mai gona ne, yau ɗan ƙwadago ne, wani lokaci ma a gonar da ya gada. Cecile Jackson kuma ta kwatanta matan Musulmi da matan Maguzawa a yankin, ta nuna aikin bai taɓa su iri ɗaya ba, gama waɗancan daga sana'ar cikin gida suke samu, waɗannan kuwa da gona suka dogara. A yau 'yan ci-rani masu tsinkar tumatir, da 'yan dako, da mata masu kala a gonakin shinkafa suna cikin waɗanda ake yi wa kallon banza, ko da yake ba a iya girbi sai da su.

Yadda raini yake shiga zuciya

Masana sun gano hanyoyi da dama.

Ta farko, madubin mutane. Charles Cooley ya bayyana a 1902 cewa mutum yakan ga kansa ne ta yadda yake zaton wasu suna ganinsa. Yaron da malami bai taɓa kira ya amsa tambaya ba, wanda kullum shi ake aika share aji, yakan ɗauki darasi a kan matsayinsa ba tare da an furta masa kalma ba.

Ta biyu, yarda da hukuncin masu raini. A Amurka, Kenneth Clark da matarsa Mamie sun nuna wa yara baƙaƙen fata 'yan shekara 3 zuwa 7 'yar tsana fara da baƙa. Mafi yawansu suka zaɓi farar, da yawa kuma suka ce baƙar ce mummuna. An wallafa sakamakon a 1947, kuma Kotun Ƙolin Amurka ta ambaci aikin Clark a 1954 lokacin da ta haramta raba makarantu bisa launin fata. A wurinmu, alamar wannan ita ce jin mutum yana cewa "mu ai ba a yi mu don karatu ba," ko "irinmu ba ya shugabanci."

Ta uku, tsoron tabbatar da gori. A 1995 Claude Steele da Joshua Aronson sun nuna cewa ɗalibai baƙaƙen fata sukan yi ƙasa a jarrabawa idan aka ce musu gwajin basira ne, fiye da idan aka ba su tambayoyin nan ba tare da faɗin haka ba. A Indiya, Karla Hoff da Priyanka Pandey sun ba yaran ƙauye a jihar Uttar Pradesh wasan warware hanya a takarda, ana biyansu bisa abin da suka warware. Da ba a ambaci asalin kowa ba, yaran rukunin ƙasa sun yi daidai da na sama. Da aka kira sunan asalin kowa a fili, ƙoƙarin yaran rukunin ƙasa ya faɗi. Basirarsu tana nan yadda take, tunatar da su matsayinsu ne ya ɗaure ta.

Ba kowa ne raini yake karyawa ba

Kuskure ne a ɗauka duk wanda ake rainawa yana raina kansa. A 1989 Jennifer Crocker da Brenda Major sun tattara bincike masu yawa, suka ga cewa mutanen rukunonin da ake ƙyama sau da yawa kimar kansu ba ta gaza ta sauran ba. Sun ba da dalilai uku. Mutum yakan ɗora laifin abin da ya same shi a kan son zuciyar masu raini, maimakon a kan kansa. Yakan auna kansa da 'yan'uwansa na rukuni, maimakon da na sama. Yakan kuma rage wa abin da aka hana shi muhimmanci, ya ɗaukaka abin da ya iya. Sarautar noma a wurin Maguzawa misali ce ta wannan na uku.

Kowace daga cikin garkuwoyin nan tana da farashi. Wanda ya saba cewa "don asalina ne" yana iya daina gyara kuskurensa na gaske. Wanda yake auna kansa da na kusa kaɗai yana iya gamsuwa da kaɗan. Uban da ya ce "boko ba namu ba ne" ya kare zuciyarsa daga ciwo, amma ya rufe wa ɗansa ƙofa.

Hanyoyi uku da mutane suke bi

Henri Tajfel Bayahude ne haifaffen Poland, wanda ya rasa danginsa a kisan kiyashin Yaƙin Duniya na Biyu. A Jami'ar Bristol ta Ingila ya raba yara 'yan makaranta gida biyu bisa abin da bai taka kara ya karya ba, kamar zanen da ya fi burge su. A sakamakon da ya fito a 1971, yaran sun fifita 'yan rukuninsu wajen rabon lada, har sukan yarda nasu ya ragu muddin na ɗaya rukunin ya fi raguwa. A 1979 shi da John Turner suka bayyana cewa mutum yana son rukuninsa ya zama abin alfahari, idan kuwa ba haka ba ne, yakan bi ɗaya daga hanyoyi uku.

1. Ficewa. Mutum ya bar rukunin shi kaɗai: ya koma birni, ya sauya suna, ya ɓoye ƙauyensu. Wannan yakan faru inda ƙofa take a buɗe. Sunaye irin su Nomau, Ranau da Tambai suna ɓacewa, ɗaya daga dalilan kuwa shi ne ana jin suna tona asali. Ficewa tana iya ɗaga mutum ɗaya, amma rukunin yana nan inda yake, ya kuma rasa masu ilimin da za su yi magana dominsa. Shi kansa mai ficewar yakan zauna da fargabar ranar da za a gane shi.

2. Sauya ma'auni. Rukuni ya ba abin da ake rainawa sabuwar ma'ana, ko ya zaɓi sabon suna. Hausawa, Fulani da Kanuri masu bi sun zaɓi sunan Masihiyawa, suka kafa Tarayyar Masihiyawan Nijeriya. Kiɗa da waƙa da aka ajiye a matakin ƙasa sun kai Alhaji Mamman Shata ga digirin girmamawa na Jami'ar Ahmadu Bello a 1988.

3. Neman canji tare. Wannan yakan taso ne idan mutane suka gane cewa tsarin ba adalci ba ne, kuma yana iya sauyawa. Jam'iyyar NEPU da aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, wadda Malam Aminu Kano ya jagoranta, ta mai da kalmar "talaka" tutar da ake ɗagawa. Da PRP ta ci zaɓen Kano a 1979, Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali. A nan yankinmu ma, wani rubutun Jackson na 1978 ya ba da labarin matan ƙauye masu ƙwadago a gonar wani kamfanin ƙasar waje da suka yi yajin aiki a kan ladansu.

Abin da ya rataya a wuyan shugabanni

Raini ba daga waje kaɗai yake zuwa ba. Waɗanda ake rainawa su ma sukan nemi na ƙasa da su. A cikin ikkilisiya ɗaya ana iya samun ma'aikacin gwamnati yana raina manomi, mai Turanci yana raina mai Hausa, tsohon gidan masu bi yana raina sabon tuba. Wasiƙar Yaƙub sura 2 ta tsawata wa taron da ke ba mai kyakkyawar riga wurin zama mai kyau, ya bar matalauci a tsaye. A Ayyukan Manzanni sura 6, da aka yi ƙorafin ana manta da gwaurayen Yahudawa masu jin Helenanci wajen rabon abinci, an zaɓi mutum 7 aka danƙa musu aikin, dukansu kuwa sunayen Helenanci ne da su. Wato an gyara tsarin rabon, ba a tsaya ga ba da haƙuri ba.

Ga matakan da za a iya ɗauka:

a. A duba wa yake karatu, wa yake riƙe baitulmali, wa ake zaɓa dattijo. Idan gidaje kaɗan ne kullum, yaran sauran gidajen suna lura.

b. A daina kiran mutum da cutarsa, ko nakasarsa, ko asalin kakansa, ko da wasa ne.

c. Iyaye su gaya wa 'ya'yansu tarihin gidansu da bakinsu, da abin kirkin da kakanninsu suka yi, kafin su ji shi a bakin masu gori.

d. Malamai su yaba wa yaro a kan takamaiman abin da ya yi, su kuma gyara masa kuskure da nuna cewa sun san zai iya. Yabon da babu gaskiya a ciki yaro yakan gane shi.

e. A kawo wa matasa mutanen da suka fito daga irin gidajensu suka yi karatu ko sana'a, ba su kuma ɓoye asalinsu ba.

f. A koya wa jama'a haƙƙinsu. Sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya hana a tauye ɗan ƙasa saboda ƙabila, addini, wurin asali ko yanayin haihuwarsa. A Janairu 2019 kuma aka sa hannu a dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci.

g. A batun aure, dattawa su binciki hali, lafiya da riƙon amana. Sana'ar kakan saurayi ba ta gaya mana yadda zai riƙe 'yarmu.

h. Idan raini ya kai mutum ga daina cin abinci, rashin barci, guje wa mutane ko maganar kashe kansa, a raka shi asibiti ba da jinkiri ba, a kuma ci gaba da ziyartarsa.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Waɗanne rukunoni ake rainawa a garinku, kuma wane dalili ake bayarwa?
2. Akwai abin da ka taɓa ɓoyewa game da gidanku ko ƙauyenku? Me ka ji tsoron zai faru?
3. A cikin hanyoyi ukun nan, wacce matasanku suka fi bi, kuma me take jawo wa waɗanda aka bari a gida?
4. Wane ne ku da kanku kuke rainawa, kuma wane abu guda za ku sauya kafin taro na gaba?